Kilo Hamsin da Biyu

Litinin, 18 ga Nuwamba, ƙarfe bakwai na safe

Ba a ba mahayan rigunan kwat ɗinsu na ƙasa ba. An ci abinci, an yi jawabi, an tafa, amma teburin da aka shimfiɗa wa farin ƙyalle don a jera su haka ya tashi wayam. Mista Van Tonder, shugaban hukumar sukuwa, ya ce wata 'yar matsala ce ta takarda. Shekara ashirin da shida ina riƙe da ɗakin awo a filin nan, na san duk abin da ya kira 'yar matsala sai an ɗauki lauya.

Percy ya ci tserensa ranar Asabar. Mijin ƙanwata ne, dole in rubuta. Yana da shekara arba'in da tara aka sa shi cikin mahaya shida da suka wakilci ƙasa a gaban baƙi daga Turai. Ya zo na ɗaya da tazarar wuyan doki, ya sauka ya sumbaci dokin a goshi, ya ce ya ajiye bulala ke nan har abada. Mutane suka yi ta hawaye. Dokin dai ban ga alamar abin ya taɓa shi ba.

Ni na auna shi. Da sirdi hamsin da huɗu, shi kaɗai hamsin da biyu cif.

Ban damu ba.

Laraba, 20 ga Nuwamba, ƙarfe huɗu na yamma

Ashe wasiƙa ce. Wani ya rubuta wa hukumar wasanni ta ƙasa, bai sa suna ba, ya tuna musu sashe na goma sha huɗu: babu mai ɗinka tambarin ƙasa a aljihun koriyar kwat sai ƙungiyar da ke ƙarƙashinsu. Hukumar sukuwa kuwa ba ta taɓa shiga ƙarƙashin kowa ba. Sai suka bugo waya suka ce a dakata.

An karanta wasiƙar yau a kwamiti. Ni ne sakatare, saboda ni kaɗai nake iya karanta abin da ya wuce shafi ɗaya ban yi gyangyaɗi ba. Gaskiya rubutun ya tsaru, babu kalma ɗaya da ta yi yawa. Van Tonder ya buga tebur ya ce aikin munafuki ne. Na rubuta "an nuna damuwa".

Juma'a, 22 ga Nuwamba, ƙarfe tara na safe

Ina share sikeli sai ga Percy, yana cire takalmi tun daga ƙofa.

"Farfesa, buɗe shago."

"Guntu, ba ka yi ritaya ba? Je ka ci abinci. Shekara talatin da huɗu kana kallon burodi kamar matar maƙwabci."

"Sai na sa kwat."

Na ce me ya haɗa kwat da cikinsa. Ya dube ni kamar ni ne ban yi makaranta ba. Wai Makanjee tela ya yanka ta a kan jikin hamsin da biyu. Mahayin da ya ajiye bulala kuwa, cikin wata guda sai ya ƙara kilo shida, mun sha gani.

"A farke ɗinkin a buɗe mana."

"Kwat ta ƙasa za a farke? Ka so a ɗauke ni hoto maɓalli yana neman agaji? Sati ɗaya ne, ko biyu. Karanta mini."

Sikelinmu tsoho ne, fuskarsa tana kallon mai awo, mahayi ba ya ganin allura. Akwai masu leƙe, akwai masu musu. Percy bai taɓa leƙawa ba ko sau ɗaya. Yakan tsaya yana kallon rufi kamar mai jiran hukunci a coci.

"Hamsin da biyu," na ce.

Lahadi, 24 ga Nuwamba, ƙarfe uku na rana

Gidan Mama a Wentworth bayan an taso coci. Ta yi shinkafar biryani da naman rago, wadda take cewa ta bikin ajiye bulala ce. Mai bikin ya ci rabin dafaffen ƙwai da yanka uku na kokwamba. Ni na ci nawa, na taya shi cin nasa.

A bangon falo akwai ƙusa babu komai a kanta. Nan takardar digirina take, wadda na yi shekara bakwai ina karatunta ta gidan waya.

"Tana cikin durowa, ba abin da ya same ta," in ji Mama. "Hoton Percy za a sa in ya samu rigarsa. Nan ne haske ya fi faɗawa."

Ƙanwata Merle, matar Percy, ta ce, "Yaya ba zai damu ba, shi ai karatun yana kansa."

Na ce ko kaɗan.

Rana ɗaya muka shiga makarantar mahaya ni da shi, muna shekara goma sha biyar, gado sama da ƙasa. Malamin hawa da kansa ya ce hannuna ya fi nasa taushi a linzami. Percy yana wurin, in ya manta ni ban manta ba. Ina shekara goma sha bakwai ƙashina ya ci amanata. Cikin damina ɗaya na yi tsawo kamar ana ja na. Suka auna ni, suka auna ƙafata, suka ba ni kuɗin bas. Shi kuwa tun daga lokacin bai ƙara ko ɗan yatsa ba. Wannan ita ce baiwar da ƙasa za ta karrama: ƙin girma.

Talata, 26 ga Nuwamba, ƙarfe tara na safe

Hamsin da biyu. Ban damu ba.

Alhamis, 28 ga Nuwamba, ƙarfe biyar na yamma

Hukumar wasanni ta aiko da Madam Hlengwa, mace mai tabarau biyu, ɗaya a ido ɗaya a ka. Ta ce a wurinsu sukuwa ba wasa ba ce, caca ce mai ƙafa huɗu. Van Tonder ya ce hukumarsa tana tufatar da mahaya tun kakan Madam bai san takalmi ba. Na rubuta "an yi musayar ra'ayi a kan tarihi".

Ana cikin haka sai ga takarda daga ƙungiyar masu tsallake shinge da dawaki, su ma sun ji ƙamshi. Wai duk abin da ake yi a bayan doki nasu ne. Daga nan aka shiga muhawarar wane ne ɗan wasa, mahayi ko doki. Awa biyu. Wani dattijo ya ce in doki ne, to a kira tela ya zo da yadi mai yawa.

Na karanta tarihin dauloli da suka rushe a kan abin da bai kai wannan ba. Na yi dariya a hanyar gida har mai tasi ya waiwayo.

Ba haka aka nufa ba tun farko, ina jin. Wanda ya rubuta wasiƙar, ina nufin. Wataƙila jinkirin sati ɗaya kawai ya so, a ɗan rage wa abin ƙyalli.

Asabar, 30 ga Nuwamba, ƙarfe sha ɗaya na safe

Hanya ce ta biyo da ni ta shagon Makanjee. Ya rataye kwat shida a bayan gilashi, ya ce ba zai miƙa wa kowa ba sai an gaya masa wane ne mai ƙasar.

Na ce bari in duba ɗinkin ta Percy, a matsayina na sakatare. Yadin yana da nauyi, kore mai duhu, tambarin zinariya a aljihu. Makanjee ya shiga ciki ɗauko shayi. Na zura hannuna na dama. A gwiwar hannu ya tsaya.

"Mista Ogle, a hankali," in ji shi daga ƙofa, da kofi biyu a hannu. "Wannan ta tsuntsu ce. In taka kake so, kawo takarda daga hukuma in yanka maka, yadi yana nan."

"Wace hukumar?"

"To, ka gani."

Na sha shayin. Ya yi zaƙi da yawa.

Litinin, 2 ga Disamba, ƙarfe goma na safe

Ya zo da fara'a. Wai yana shirya jawabin da zai yi ranar, kuma har da ni a ciki.

"Zan ce ina gode wa yayan matata. Da bai yi tsawo ba, shi tsoho Rorke mai horar da dawaki zai ɗauka a bargarsa, ba ni ba. Ka ga ashe cinyoyinka ne suka yi mini hanya. Za a yi dariya, ko?"

Na ce za a yi.

Ya hau, ya ɗaga kai yana kallon rufi.

A littafin awo na rubuta abin da allura ta nuna. Abin da bakina ya faɗa daban.

"Hamsin da uku?" Ya sauko a hankali. "Kai. Ruwa kawai na sha jiya."

"Tsufa ne, Guntu. Jiki yakan riƙe."

Wasa ne. Tsakanin mutum da mijin ƙanwarsa akwai wasa. Gobe zan gaya masa.

Laraba, 4 ga Disamba, ƙarfe tara na safe

Ban gaya masa ba. Allura ta ce hamsin da ɗaya da rabi. Na ce har yanzu uku ne.

Ya nufi ɗakin tururi sanye da rigar leda a ƙarƙashin suwaita, cikin wannan zafi na Durban da ko kare ba ya fita rana.

Juma'a, 6 ga Disamba, ƙarfe tara da rabi na safe

Hamsin da ɗaya. Na ce masa biyu da rabi, an fara samun ci gaba. Ya riƙe hannuna ya gode.

Lahadi, 8 ga Disamba, ƙarfe huɗu na yamma

Merle ta ja ni kicin.

"Yaya, kai ne mai karatu a gidan nan. Nemo mana hanya a cikin littattafan nan naku. Mutumin nan ko yawu ba ya haɗiyewa, kofi yake yawo da shi. Jiya ya jefar da sikelin bayi, wai ya lalace, ba ya daidai da naka."

Na ce sikelin gida ba abin dogaro ba ne. Na ji muryata tana faɗin haka sarai.

"Kwat ɗin nan ni ba ta dame ni ba. Shekara ashirin da uku da aure ban taɓa ganin ya cinye kwano ɗaya ba. Na ɗauka bana zan dafa masa abinci ya ci in kalla." Ta goge hannu a zane. "Shi kuma mai wasiƙar, na sa sunansa a addu'a."

"Ai ba ki san sunan ba."

"Allah ya sani."

Mama ta ƙara mini nama. Ƙusar tana nan babu komai.

Talata, 10 ga Disamba, ƙarfe biyar na yamma

An sasanta. Bayan sati uku manya sun gano hikima: Madam za ta riƙe kafaɗar hagu, Van Tonder ya riƙe ta dama, su sa wa mahayi kwat tare. Masu tsallake shinge za a ba su kujera a gaba.

Har mun fara tattara takardu sai Madam ta sauko da tabarau na biyu. Saura ƙorafin, in ji ta. Sashe na ashirin da biyu: ƙorafi ba ya mutuwa sai mai shi ya zo da kansa ya janye, ko kuma ya yi wata shida ba a ji daga gare shi ba. Kafin nan ba a taɓa kwat.

Na san sashen. Ban dai yi zaton wani zai karanta har can ba.

"Wata shida ba komai ba ne," in ji Van Tonder. "Yaran nan biyar suna da shekaru a gaba."

Ba wanda ya ambaci na shidan. Ni ma ban rubuta komai ba.

Laraba, 11 ga Disamba, ƙarfe tara na safe

Na gaya masa sai Yuni. Ya ce ya taɓa yin wata takwas a kan hamsin da ɗaya, wannan me ne ne. Da zai sauka daga sikeli sai da ya dafa bango.

Yau na faɗi lamba kusa da gaskiya. Kusa.

Alhamis, 12 ga Disamba, ƙarfe shida na yamma

Masu shara suka same shi a ƙasa a ɗakin tururi, wajen ƙarfe sha ɗaya. Yana asibiti, an sa masa ruwa leda biyu. Likita ta ce ƙodarsa ce ta fara gajiya, da an ƙara awa ɗaya da labarin ya canja.

Ya farka ina wurin. Leɓɓansa sun tsage kamar ƙasar fadama da rani.

"Farfesa. Gara da ka zo. Mutanen nan sun auna ni wai arba'in da tara. Gaya musu sikelinsu na awon dankali ne."

Na ce ya huta.

"Ni ma jikina haka yake gaya mini, ka sani. Tun makon jiya nake jin kamar hamsin, ko ƙasa. Shekara talatin ina sanin nauyina tun kafin in buɗe ido. Sai na ce to, tsufa ya fara ruɗa ni. Kai dai ba ka taɓa kuskuren giram ɗaya ba." Ya dubi ledar da ke rataye. "Wannan ruwan kilo nawa ne?"

Merle ta fita waje da sauri.

Ni mai awo ne. Abu ɗaya nake da shi a filin nan, ba hannu mai taushi ba, ba digiri ba. In na faɗi lamba, an gama magana.

Juma'a, 13 ga Disamba, ƙarfe bakwai na safe

Na goge takalmi. Na sa taye.

Juma'a, ƙarfe biyar na yamma

Na je na gaya wa Madam Hlengwa ni ne mai wasiƙar. Ta ce tun jiya mutum uku sun zo, kowa yana cewa shi ne, duk abokan Percy. Ɗaya ma bai san sashe nawa ba ne. Ta ce in kawo shaida.

Na tsaya na karanta mata wasiƙar da ka, tun daga gaisuwa har ƙarshe.

Ta cire tabarau duka biyun.

"Mista Ogle, sati uku kana zaune kusa da ni kana rubuta 'an nuna damuwa'."

"Haka ne, Madam."

"Sashen dai gaskiya ka faɗa."

"Ai shi ne abin."

Na sa hannu a takardar janye ƙorafin. Daga nan na wuce asibiti, don akwai amsa laifi na biyu. Na biyun ba zan rubuta shi duka ba. Merle tana wurin, Mama tana wurin. Maganar wasiƙa Percy har ya so ya yi dariya, ya ce dama ya ce rubutun ya yi kama da na mai digiri. Sai na faɗi ɗayan, na sikeli.

Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Tun yaushe?"

"Biyu ga wata."

"Ranar da na ba ka labarin jawabina."

"E."

Ya juya ya fuskanci bango. Merle ta buɗe mini ƙofa ta riƙe, kamar yadda ake yi wa baƙo.

Laraba, 18 ga Disamba, ƙarfe uku na rana

Na ajiye muƙamin sakatare. Na gaya wa Van Tonder maganar sikeli ma, na ce ya yi abin da ya ga dama. Ya duba littafin awo, ya ga lambobin daidai suke. Ya ce tunda ba awon tsere ba ne, ba ruwan hukuma, kuma ba su da wani mai awo kafin Kirsimeti.

Na so a kore ni. Ko wannan ban samu ba.

Lahadi, 22 ga Disamba, ƙarfe takwas na safe

A jarida na gani. Madam a hagu, Van Tonder a dama, kowa ya kama kafaɗa ɗaya yana kallon mai hoto. A tsakiya Percy, kwat ɗin ta yi masa yawa, kamar ya aro ta yayansa. Wuyansa yana iyo a ciki.

Makanjee ya ce mini ya nemi ya rage ta a daren ranar, aikin minti ashirin. Percy ya hana. Wai kwat ta ƙasa ba a taɓa ta, shi zai cika ta.

Na daɗe ina kallon hoton. Zan so in rubuta cewa farin ciki kawai na ji. Littafin nan nawa ne, ba na kwamiti ba. Da idona ya sauka a kan tambarin, sai na kife jaridar.

Laraba, 25 ga Disamba, ƙarfe biyu na rana

Mama ta aiko mai tasi da kular biryani. A ƙarƙashinta akwai abu naɗe cikin tawul, takardar digirina, an goge gilashin tas. Ba saƙo.

Naman ya yi yawa, kamar kullum.

Laraba, 8 ga Janairu, ƙarfe goma na safe

Ina gyara littafi na ji ana cire takalmi a ƙofa.

Da kwat ɗin ya zo, cikin wannan zafi. Kumatunsa sun ɗan ciko, akwai ɗigon miyar kori a haɓarsa. Ya cire kwat ɗin ya rataye a ƙusar da nake rataye tawa, a kan tawa.

"Ina kwana, Lionel."

Tun muna gado sama da ƙasa bai kira ni da sunan nan ba.

Ya hau sikeli. Allura ta yi rawa ta tsaya, lambar ta zo mini baki. Bai kalli rufi ba. Ya zura hannu a aljihun wando ya fito da ɗan madubin hodar Merle, ya buɗe, ya miƙa hannu gaba yana karkata shi har ya kamo fuskar sikelin. A madubi lambobi a juye suke, kuma idonsa ba na da ba ne. Ya daɗe yana ƙanƙance ido. Ina tsaye taku ɗaya daga gare shi, hannuna a baya.

"Hamsin da ɗaya da rabi," ya ce, ba da ni ba. "Saura rabi."

Daidai ya karanta.

Ya rufe madubin, ya sa takalmi, ya ɗauki kwat ɗinsa. Da ya ja ta, tawa ta zame ta faɗi ƙasa. Ya tsaya kamar zai sunkuya, sai kuma ya ce Juma'a zai dawo.